Na san igiyar ba za ta tsinke ba, amma hannuna ya ƙi sakin dutsen

Sadik Nima: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya hana ni sukuni tun ranar Asabar, kuma don Allah Faisal ka bari na gama kafin ka fara dariya.

Mu tara muka tashi daga Nima bayan sallar asuba, muka kama hanyar Akosombo. Can gaba da Shai Hills akwai wani dutse da masu koyar da hawa suke kai mutane. Mun tarar sun riga sun kafa turke a sama sun zura igiya ta sauko biyu, baki ɗaya a ɗaure a ɗamarar ƙuguna, ɗayan a hannun wanda ke riƙe ni daga ƙasa. Hawan bai ba ni wuya ba, har na fara jin kaina wani ne. Da na kai wajen mita 15 sai mai koyarwar ya ce to, saki dutsen, ka zauna a kan ɗamarar, za a sauko da kai. Nan ake yin ta. Hannuna ya ƙi. Ƙafata ta dama ta kama rawa kamar ta tela a kan keken ɗinki. Na fi minti goma a manne kamar ƙadangare, ana ta lallashina daga ƙasa. Da ƙyar na saki, ina saki kuwa na ji na nutse kusan taku biyu kafin igiyar ta tsaya. Salatin da na saka, ina jin har biran wurin sai da suka watse.

A kaina na san kayan nan suna riƙe mutum, don na ga sun riƙe mutum takwas a gabana. Jikina ne bai yarda ba. Yaya ake yi mutum ya yarda da su? Wata mai zuwa za a koma, kuma na riga na biya kuɗina.

Faisal Ashaiman: Na yi haƙuri har ka gama. Yanzu zan iya? Sadik da ke cika mana baki a majalisa, ashe ƙadangare ne. Wa ya ɗauki bidiyo don Allah?

Hajiya Maman Zainab: Wa alaikumus salam. Ni dai ɗana, tambayar da zan yi maka ɗaya ce. Me ka ajiye a kan dutsen? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Rukayya Madina: Barka da dare Hajiya. Sadik ƙanina, bari na fara da nutsewar da ka ji, don ita ce ta fi razana sababbi. Wannan aikin igiyar ke nan, ba alamar lalacewa ba ce. Igiyar hawa da gangan ake saƙa ta da nailan mai miƙewa, akwai zaruruwa a ciki masu ɗaukar nauyi, sannan riga a waje mai kare su daga gogar dutse. In aka rataya mata kilo 80, ƙa'ida ta yarda ta ƙaru har kashi 10 cikin 100. Yi lissafi da kanka. A ce turken yana mita 18, kai kana 15. Igiyar ta tashi daga hannun mai riƙe ka ta hau 18, ta sauko maka 3, mita 21 ke nan. Ko kashi 5 kawai ta miƙe, ka ga mita guda har da ɗoriya. Shi ne taku biyun naka.

Kafin a sayar da irin wannan igiya sai ta ci jarrabawar da ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya, UIAA, ta tsara. Ana ɗaura mata ƙarfe mai kilo 80 a sako shi ya faɗo kusan mita 5 a kan igiyar da ba ta kai mita 3 ba. Mummunar faɗuwa ce, irin wadda da wuya mai hawa ya gamu da ita a rayuwarsa. Dole ta jure wannan aƙalla sau 5 a jere ba ta tsinke ba.

In ka koma, ka juya ƙugiyar nan mai ƙofa da suke kira karabina, ka duba bayanta. Za ka ga lamba da haruffa biyu, kN. Kowane ɗaya kamar nauyin kilo 100 ne. Mafi ƙarancin da aka yarda shi ne 20 in ƙofarta a rufe take kuma nauyin ya bi tsawonta, wato wajen tan biyu. Amma akwai wasu lambobi biyu a gefe, ƙanana, wajen 7. Wannan shi ne ƙarfinta in ƙofar a buɗe take ko ta juya nauyin ya hau ta a gicciye. Shi ya sa ake ta nanata a murɗa makullin ƙofar.

Sadik Nima: Na gode Yaya Rukayya. Tan biyu fa. Ni kilo 90 ne da ɗan kai.

Faisal Ashaiman: Kafin waken safe ko bayansa?

Baba Iliya Mamobi: Rukayya 'yata, lissafinki daidai ne, amma lamba ba ta shiga ƙafar da ke rawa. Shekarata 14 ina hawan ƙarfen sabis, daga Akra har arewa babu inda ban hau ba, kuma duk yaron da na koya wa aiki ya san lambobin nan kafin ya hau. Ranar farko duk sai sun manne kamar Sadik. Ni wannan bai taɓa damuna ba. Yaron da ke tsoro yana duba ƙugiyarsa sau uku. Wanda nake sa wa ido shi ne wanda ya yi wata shida, ya fara hawa yana waƙa. Sabo turken wawa.

Ni kaina ya taɓa cina. Mu ƙugiya biyu muke hawa da su, ka maƙala ɗaya kafin ka cire ɗaya, ko da wasa ba a cire biyun tare. Wata rana ina wajen mita 45 aka kira ni daga gida a kan maganar kuɗin makarantar yara. Na saƙala wayar a kafaɗa ina amsawa, hannuna yana ta aikinsa shi kaɗai. Sai da na gama na jingina baya zan huta, idona ya kai kan ƙugiyar. Ashe ba a jikin ƙarfen na maƙala ta ba, a jikin wata siririyar waya ce da aka ɗaure da roba. Ɗayar kuma tana lilo a cinyata. Allah ne kawai ya sa hannun hagu yana riƙe da tsani. Da na sauko ban iya cin abinci ba ranar. Tun daga nan wayata a mota take kwana in zan hau.

Hajiya Maman Zainab: Innalillahi. Iliya, ba ka taɓa ba mu wannan labarin ba.

Baba Iliya Mamobi: Hajiya ko uwargida ba ta sani ba sai bara.

Rukayya Madina: Baba, ai bakinmu ɗaya. Abin da ya same ka ya sami wadda duniya ta sani a wannan harka. Lynn Hill, Ba'amurkiya, a 1989 a wani dutse da ake kira Buoux a Faransa, ta zura igiya a ɗamararta, hankalinta ya tafi wani wuri, ba ta ƙarasa ƙullin ba. Ta hau har sama lafiya lau, don hawan mai sauƙi ne a wurinta. Tana jingina baya, daidai abin da aka ce Sadik ya yi, igiyar ta zare. Ta faɗo fiye da mita 20. Rassan bishiya suka rage mata ƙarfin faɗuwar, ta tashi da gocewar gwiwar hannu da karaya a ƙafa. Igiyarta lafiyayya, ɗamararta lafiyayya. Ƙulli ne kawai ba a gama ba.

Don haka ne muke da al'ada, kafin ƙafa ta bar ƙasa, mai hawa da mai riƙewa su tsaya su duba juna. Ni na kama ƙullinka da hannuna na ja, na ga ƙullin takwas ne, wato mai siffar lamba 8, kuma ya bi ta inda ya kamata. Kai ka duba na'urar riƙe igiyar da ke ƙuguna, ka matsa karabinar ka ji a kulle take. A duba ƙarshen igiyar ma ko an ƙulle shi. Ba ya cin minti ɗaya. Kuma in kana cikin ƙulli wani ya yi maka magana, kada ka amsa sai ka gama, ko surukinka ne.

Masa'udu Aboabo: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare, yanzu na taso daga Suame. Ni abin da ban gane ba, igiyar da na gani a hoton Sadik ba ta fi ɗan yatsana kauri ba. Mu nan Kumasi igiyar da ake ɗaure buhunan masara a kan tirela ta ninka ta, kuma ba ta wani miƙewa. Ba ita ta fi aminci ba?

Rukayya Madina: Malam Masa'udu, rashin miƙewar ne matsalarta. Kai bakanike ne, ka cire wa mota shokoba da sifirin ka faɗa rami da ita, me zai faru? Ƙarfin bugun sai ya sami inda zai shiga. In igiya ba ta shanye shi ba, bayan mutum da ƙodarsa ne za su shanye, ko turken ya tumɓuke. A jarrabawar da na faɗa ɗazu ba tsinkewa kaɗai ake dubawa ba, ana auna bugun da ya isa jikin mutum, ba a yarda ya wuce kN 12 ba.

Wani abin mamakin kuma, ba tsawon faɗuwa ne ke nuna zafinta ba. Ana raba tsawon faɗuwar da tsawon igiyar da ke waje. Ka faɗo mita 4 alhali akwai igiya mita 20 tsakaninka da mai riƙe ka, za ka ji kamar lilo. Ka faɗo mita 4 ɗin nan a kan igiya mita 2, za ka san ka faɗo.

Baba Iliya Mamobi: Mu igiyarmu gajeriya ce ba ta miƙewa, shi ya sa ake haɗa ta da wani ƙunshi a ɗinke. In mutum ya faɗo ɗinkin ne ke farkewa a hankali ya shanye bugun, an yi shi don kada bugun ya wuce kN 6. Ya farke sau ɗaya, shi ke nan, shara.

Faisal Ashaiman: To tunda abin ya zama na gaske, ni ma ina da tambaya. Na ga irin ɗamarar nan a cikin gwanjo a Kantamanto, da kyanta, kuma kuɗin ba wani abu ba. In saya?

Baba Iliya Mamobi: Saya ka ɗaure akuya.

Rukayya Madina: Faisal kada ka soma. Takalmi ka saya na gwanjo, riga ka saya, amma abin da ranka zai rataya a kai sai ka san tarihinsa. Masu ƙera kayan nailan da yawa cewa suke ko ba a taɓa amfani da su ba, in sun shekara 10 a ajiye su. Ga rana tana cin su, ga gumi, ga goga. Todd Skinner yana cikin gwanayen Amurka, a watan Oktoban 2006 yana saukowa daga wani dutse a Yosemite, madaukin gaban ɗamararsa ya tsinke saboda tsufa, ya faɗo wajen mita 150. Abokin tafiyarsa ya riga ya ga wurin ya goge ya yi masa magana, ya ce ai ya yi odar sabuwa tana hanya.

Malam Masa'udu, akwai abin da ya shafe ku ma. Ruwan batirin mota yana kashe nailan, kuma sau da yawa ido ba ya ganin komai. Igiyar da ta kwana a but kusa da batiri ta gama aiki.

Masa'udu Aboabo: Wannan kam na yarda ba gardama. Wandona nawa ruwan batir ya ci. Ranar da ya zuba ba ka ganin komai, sai an wanke ka ga ɓula ko'ina kamar rariya.

Malam Awudu Fadama: Jama'a barkanku da hira, na bi ta tun daga sama. Sadik, tsoro ba aibi ba ne kuma ba raunin imani ba ne, halitta ce. Wani sahabi ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shin ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali ko ya sake ta ya yi tawakkali. Aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Duba ƙullin nan da Rukayya ke faɗa shi ne ɗaurin. Abin da ya rage bayansa ba a hannunka yake ba, ko kana kan dutse ko kana cikin motar haya a hanyar Tema.

Hajiya Maman Zainab: Allah gafarta Malam, ina da ja. Shi mai raƙumar dole ce ta kawo shi. Iliya in ya hau ƙarfe abincin iyalinsa yake nema, in wani abu ya same shi a bakin nema ne. Shi kuwa wannan yaron kuɗinsa ya ɗauka ya biya don a tsorata shi. Ba a ce kada mu jefa kanmu cikin halaka ba?

Kuma kada ku ce ban san abin da nake faɗa ba. Shekarun baya ƙungiyarmu ta mata ta je Kakum, can wajen Kef Kos, inda aka rataya gadoji bakwai a kan bishiyoyi. Suka ce tun 1995 ake bi. Na hau ta farko katakon yana motsi, raga tana lilo, ƙasa tana can fiye da mita 30. Ayatul Kursiyyu na yi ta ja har na fita, ban ga tsuntsu ba ban ga biri ba. Jikokina suna tambayata me na gani, na ce ƙeyar wadda ke gabana.

Malam Awudu Fadama: Hajiya ayar gaskiya ce. Ni dai ba zan yanke hukunci a cikin zaure ba. Abin da nake gani, akwai tazara tsakanin abin da galibinsa kuɓuta ce in an bi ƙa'ida, da abin da kuskure ɗaya a cikinsa mutuwa ce. Hawan doki ma ana faɗowa, ba mu hana yaranmu ba.

Faisal Ashaiman: To Malam ina Baturen nan da ya hau dutse mai mita 900 ba igiya ba komai?

Rukayya Madina: Alex Honnold, dutsen El Capitan, 3 ga Yunin 2017, cikin awa 3 da minti 56. Amma abin da masu yaɗa bidiyon ba sa faɗa, ya daɗe yana bin wannan hanyar da igiya, yana maimaita wurare masu wuya har ya haddace inda kowane yatsa zai sauka. Duk da haka ni ba na kafa misali da shi.

Malam Awudu Fadama: Wannan kam, in ɗana ne, da Hajiya zan haɗa kai.

Sadik Nima: Tun ɗazu ina karantawa ina tunani, kuma ina ga ban faɗi gaskiyar abin ba, don ni ma sai yanzu na gane. Ba igiyar nake kallo ba lokacin da na manne. Yaron da ke riƙe ni nake kallo. Siriri ne, bai fi kilo 55 ba, kuma da na leƙo ƙasa na gan shi ya juya yana hira da wani yana dariya. A raina na ce wannan in na saki, ni zan yi ƙasa shi ya yi sama kamar guga biyu a rijiya.

Baba Iliya Mamobi: Yawwa. Yanzu ka zo.

Rukayya Madina: To ai wannan tsoron naka yana da hujja, rabinsa. Maganar nauyi ba ta kai yadda kake zato ba. Igiyar tana gogar ƙarfen turke a sama, tana kuma lanƙwasa a cikin na'urar da ke ƙugunsa, duk wannan yana cinye nauyinka kafin ya isa hannunsa. Ni kilo 60 ce, na sha riƙe maza irinka. Amma tazarar kilo 35 ba wasa ba ce, za ka iya ɗaga shi, don haka a ɗaure shi da wani turke a ƙasa ko a ba ka mai nauyi. Ka tambaya kuma ko suna da na'ura irin Grigri, wadda kamfanin Petzl ya fito da ita a 1991, tana taimakawa wajen cije igiya in an fizge ta. Ko da ita, hannun da ke riƙe bakin igiyar ba ya sakinta daidai da ƙiftawar ido.

Hirar kuwa, nan ba ni da abin kare shi. Kana da ikon ka ce a canza maka mutum, ko ka kira sunansa ka ce ido a kaina. Kunya ce ke hana mu, musamman in wanda ke riƙewar ya girme mu. Na taɓa sauka daga rabin hawa saboda haka, aka ji haushina, ban damu ba.

In kun koma kada ka wuce sama kai tsaye. Ba a fafa gora ranar tafiya. Hau mita 3, ka ce ya ja igiyar ta yi tauri sosai, don kusa da ƙasa ne miƙewarta ta fi yawa, sannan ka zauna. Saki hannu biyu, ka tokare dutsen da tafin ƙafa, ka yi ɗan lilo. Ƙara mita 2 ka sake. Kafin ka saki kowane lokaci ka fitar da numfashi, don mai tsoro riƙe numfashi yake yi bai sani ba. In jiki ya saba da zama, sai ka fara saki ba tare da an ja ta yi tauri ba, faɗuwar taku ɗaya, sannan biyu. Sau goma ƙanana sun fi maka babba ɗaya da za ta sa ka rantse ba ka ƙarawa.

Sai dai ka riƙa duba ƙarƙashinka. In akwai tudun dutse da za ka buga, ko ka kauce gefe da turken har in ka saki za ka yi lilo ka daki bango, to nan ba wurin gwaji ba ne. Hular kwano kuma a kanka tun daga gindin dutsen.

Baba Iliya Mamobi: Duk na yarda ban da faɗuwar ganganci. A wurinmu yaron da ya saki kansa don gwaji, ranar zai koma gida. Ba na son jiki ya koyi cewa faɗuwa ba komai ba ce.

Rukayya Madina: Baba kayanku na kamu ɗaya ne, kuma ƙarƙashinku ƙarafa ne a gicciye. Namu an yi su ne don a faɗa musu sau da yawa. Wanda bai taɓa faɗuwa ba, ranar da ta zo masa ba shiri zai cafki igiya ya ƙone hannu, ko ya sandare ya daki dutse da gwiwa.

Baba Iliya Mamobi: Na ji, amma ban sauka daga kan maganata ba. Sadik, ranar Juma'a in an sauko masallaci ka biyo gida. Zan sa maka ɗamarata na rataye ka a bishiyar mangwaron ƙofar gida, taku ɗaya daga ƙasa, ka zauna har ƙafar ta gaji da rawa. Ba za ka daɗe ba, ratayuwa mai tsawo tana tare jini a cinya.

Rukayya Madina: Zan zo da guntuwar igiya na koya masa ƙullin takwas.

Faisal Ashaiman: Ni zan zo da waya.

Hajiya Maman Zainab: Duk kun gama? Sadik, mahaifiyarka ta san inda ka je ranar Asabar?

Hajiya Maman Zainab: Sadik?

Faisal Ashaiman: Hajiya ya karanta, ga alamar nan ta yi shuɗi.

Hajiya Maman Zainab: Ba komai. Ranar Lahadi muna tare da ita a wurin suna a Sabon Zango.